Gyara ko Sauya Halitta? Darasi a kan Tiyatar Nono da Ƙirji

 

Iyayenmu da 'yan uwanmu na zango, a yi mana afuwa, darasin wannan fitowa ya taɓa wurin da ba a saba ambatonsa a gaban manya ba. Amma malamanmu sun koya mana cewa ba a jin kunya wajen neman sanin addini, kuma abin da muka ƙi faɗa a zaure yana nan cikin wayar 'ya'yanmu dare da rana. A TikTok da Instagram da WhatsApp ana tallan man shafawa da ƙwayoyi da allurai, har da tafiya Turkiyya a yi wa mace tiyatar ƙarin nono ta dawo cikin 'yan kwanaki. Daga Nima zuwa Aboabo, daga Landan zuwa Bronx inda 'yan zango da yawa ke ci rani, tallan ɗaya ne, kuma kunnen da ke saurarensa a cikin gidajenmu yake.

Abin da ya sa muka ga ya kamata a yi maganar shi ne mun lura al'amarin ya juye mana. Tiyatar da malamai suka halatta, wadda mara lafiya ke bukata, ita muke gudu muna ɓoyewa. Wadda suka hana kuwa, ita ake zuba adashi domin a yi.

Yadda ake aikin

Nono kitse ne da hanyoyin ruwan nono da fata, babu tsoka a cikinsa, tsokar tana can ƙarƙashinsa a jikin ƙirji. A tiyatar ƙari, ana yi wa mace allurar barci, a yanka a ƙarƙashin nonon, ko a gefen baƙin da ya kewaye kan nono, ko ta hammata, a buɗe wuri a cusa wata jakar roba mai ɗauke da silikon ko ruwan gishiri, a bayan nonon ko a bayan tsokar ƙirji, sannan a ɗinke. Aikin bai cika wuce awa ɗaya zuwa biyu ba. Wasu likitoci biyu, Cronin da Gerow, su suka fara sa wa mace irin wannan jaka a Houston ta Amurka a 1962. Ke nan an shafe sama da shekara 60 ana yi, kuma an san illolinsa sarai.

Mu 'yan kasuwa mun san akwai kuɗin kaya, akwai kuma kuɗin mota da na ɗan dako da na kwastan, wanda ya lissafa na farko kaɗai shi ke karyewa. Mai talla kuɗin kaya kawai yake faɗa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta bayyana ƙarara cewa wannan jaka ba ta zama a jiki har ƙarshen rai, kuma duk daɗewarta haɗarinta ƙaruwa yake. Tana iya fashewa ko ta riƙa yoyo. Ta ruwan gishiri in ta fashe nan da nan za a ga nonon ya saɓe, ta silikon kuwa tana iya fashewa shiru mace ba ta sani ba, shi ya sa hukumar ta ce a ɗauki hoton ciki bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan kuma duk bayan shekara 2 zuwa 3. Jiki kuma yakan yi wa baƙon abu kewaye da tabo ta ciki. A wasu matan wannan tabon sai ya matse jakar, nonon ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, ya karkace, ya riƙa ciwo, sai an sake yankawa. Akwai shigar ƙwayar cuta da tara mugunya, akwai mutuwar jin taɓi a kan nono, akwai kuma raguwar ruwan nono ga wasu, musamman in an yanka ta gefen kan nonon. Yarinyar da aka yi wa tana da shekara 25, ta sa a ranta za ta sake hawa gadon tiyata, wataƙila ba sau ɗaya ba, kuma kowace hawa da kuɗinta.

Kada a ce sai a ƙasashenmu ake ha'inci. A 2010 hukumomin Faransa suka dakatar da kayan wani kamfani mai suna PIP, bayan an gano yana cika jakunkunan da silikon na masana'antu wanda ba a yarda a sa shi a jikin mutum ba. Kafin asirin ya tonu an riga an sa wa mata dubu ɗaruruwa a ƙasashe da dama. Kotu a Marseille ta ɗaure mai kamfanin, Jean-Claude Mas, shekara 4 a 2013, amma ɗaurinsa bai cire wa kowa jakar daga ƙirji ba. A Yulin 2019 kuma kamfanin Allergan ya janye wani nau'in jakarsa mai kaushin baya daga kasuwannin duniya, saboda an danganta shi da wata irin sankara da ke tsirowa a cikin tabon da ya kewaye jakar. Ba ta da yawa, amma ta kashe mata. Tun 2021 Amurka ta wajabta a rubuta gargaɗi mafi ƙarfi a takardar bayanin kowace jaka, a kuma karanta wa mace jerin haɗarin ta sa hannu kafin a taɓa ta.

Kuɗi ma ba ya sayen tabbas. Da yawanmu muna tuna Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, wadda ta rasu a Sifaniya a Oktoban 2005 bayan tiyatar rage kitsen ciki, daga baya kotu ta sami likitan da laifin sakaci. In haka ta sami mai wannan gata, ina ga 'yar da ta tafi da kuɗin adashi, aka sallame ta daga otal ta hau jirgi da ɗanyen ɗinki? Gwamnatin Ingila ta sha gargaɗin mutanenta game da zuwa Turkiyya tiyatar kwalliya, domin an yi ta dawo da gawa. Wadda ta dawo da rai kuma ciwo ya tashi, likitan da ya yanka ta yana Santambul, lambarsa ta daina shiga. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya fi kusa da mu

Gaskiya yawancin matan zango ba su da kuɗin jirgi. Abin da ke shigowa gidajenmu shi ne na cikin jaka da na bayan kanti: mai, sabulu, garin sha, ƙwaya da allura. Tunda mun ce babu tsoka a nono, kuma girmansa ya dogara da gado da kitsen jiki da shekaru, to babu man da za a shafa a fata ya ƙara shi. Wanda hulba ce da man kaɗanya kawai, asararsa ta kuɗi ce. Wanda ya yi aiki shi ne abin tsoro, domin alama ce an zuba masa sinadarin da ke taɓa al'adar mace, ya kumbura nonon na ɗan lokaci, ya rikita jinin haila, yana kuma iya sa jini ya daskare a jijiya. Ƙwayoyin ƙiba irin dexamethasone suna kumbura fuska, su tada sukari da hawan jini, su raunana ƙashi. Ruwan Apetamin da 'yan mata ke sha domin su ciko, Ingila da Amurka ba su yarda a sayar da shi ba, yana sa barci mai nauyi kuma an samu waɗanda ya taɓa musu hanta.

Mafi muni ita ce allurar da ake ɗura wani ruwa kai tsaye cikin nono ko ɗuwawu, a shagon gyaran gashi ko a ɗakin wata. Ruwan ba ya cikin jaka, saboda haka yana yawo. Yana dunƙulewa ya yi ƙullutu, yana ruɓar da nama, in ya shiga jijiya ya kai huhu yana kisa cikin awoyi. Ba a iya kwashe shi kamar yadda ake cire jaka, wani lokaci sai an yanke naman gaba ɗaya. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Abin da malamai suka ce

Duk wanda ya zauna gaban malam a zango ya karanta Risala ya wuce wurin da aka hana mata ƙarin gashi da zane a fata. Tushen hanin yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 119, inda aka lissafa sauya halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi alkawarin zai umarci mutane da su, da kuma hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai tsine wa masu zane a fata da masu tsige gira da masu yin wushirya da gangan. A cikin hadisin an ɗaure hanin da dalilinsa, wato yin hakan domin neman ƙarin kyau. Daga wannan ƙaidi malamai suka fahimci cewa wanda ya yi domin magani hukuncinsa daban.

Akwai kuma labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi kafin Musulunci. Ya sa hancin azurfa, sai ya yi wari. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga namiji. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun kawo shi. A duba da kyau: mutum yana iya numfashi ba tare da wannan hanci ba. An ba shi izini ne domin a mayar masa da fuskarsa, ya shiga jama'a ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ke nan shari'a ta ɗauki mayar wa mutum da siffarsa a matsayin bukata ta gaske.

A kan waɗannan dalilai Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ta zauna a Putrajaya ta Malesiya a Yulin 2007, ta fitar da hukunci mai lamba 173 game da tiyatar kwalliya. Ta halatta gyara aibin da aka haifi mutum da shi kamar tsagaggen leɓe, da wanda ya same shi daga baya ta ƙuna ko haɗari ko ciwo. Ta ambaci nono da sunansa: ya halatta a sake gina shi in an cire, ya halatta a gyara shi in girmansa ko ƙanƙantarsa ya kai ga zama ciwo. Ta kuma hana sauya lafiyayyar halitta domin son rai ko kwaikwayon wasu. Ko a inda ta halatta ta gindaya sharuɗɗa: amfanin ya rinjayi cutarwa, ƙwararren likita ya yi, ya bayyana wa mai jinya haɗarin ba ɓoye-ɓoye, ta yarda da kanta, babu wata hanya mafi sauƙi, a kuma kiyaye dokokin al'aura da kaɗaita.

To mu auna da wannan mudu. Macen da nauyin ƙirjinta ya sa mata ciwon baya da wuya, igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗa, fatar ƙasa kullum a saɓule, rage mata magani ne. Yarinyar da gefe ɗaya bai fito ba sam, ko wadda tafasasshen ruwa ya ƙone tun tana ƙarama fatar ta ɗame, gyara mata mayar da halitta ne. Amma lafiyayyiyar mace da ta ga na wata a waya ta ce nata bai kai ba, ko uwar 'ya'ya huɗu da jikinta ya nuna ta haihu, wannan ita ce halittar da aka saba, kuma a nan hanin ya sauka. Tsakanin biyun akwai wurare masu wuyar yankewa, wasu malamai sun sassauta in abin ya fita daga al'ada ƙwarai har yana cutar da mace a ranta. Irin wannan ba a yanke shi a majalisar shayi ko a bakin famfo, likita ne zai faɗi ko ciwo ne, malam ya faɗi hukunci.

Wadda ta riga ta yi fa? Ta tuba tsakaninta da Ubangijinta, kuma ba a tilasta mata cirewa in cirewar za ta cutar da ita. Alwalarta da wankanta sun inganta, domin jakar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa isa inda ya wajaba. Ta riƙe takardar da ke nuna sunan kamfanin jakar da lambarta. In ta je hoton gwajin sankarar mama ta faɗa wa ma'aikaciyar tun kafin a fara, domin jakar tana rufe wani sashe. In kuma gefe ɗaya ya kumbura haka kawai, ko da bayan shekaru ne, ta je asibiti a makon. Mu kuma ba aikinmu ba ne mu riƙa nuna ta da baki a wurin suna.

Wadda muka bari a baya

Sankarar mama ita ce ta fi kowace sankara kama mata a Gana, kuma likitocin Korle Bu da Komfo Anokye sun daɗe suna kuka da abu ɗaya: mata ba sa zuwa sai ciwon ya ci ƙarfinsu. Duk wanda ya taɓa zagayen duba marasa lafiya a zango ya san yadda abin ke tafiya. Hajiya ta ji ƙullutu tun kafin azumi, ta yi shiru. Ta shafa mai, ta sha saiwa, ta sha rubutu. Ba ta jahilci asibiti ba, tsoro take kada a ce za a cire, maigida ya juya mata baya, kishiya ta samu abin faɗa, a ce ta zama rabin mace. Sai wari ya fara fita daga ɗaki sannan a nemi mota. Addu'a ba mu raina ta ba, amma wanda ya koya mana addu'a shi ya umarce mu da neman magani.

Wannan baiwar Allah ya kamata ta ji abin da Majalisar Fiƙihu ta faɗa, daga bakin limami da bakin magajiya. In an gano ciwon da wuri, sau da yawa ƙullutun kaɗai ake cirewa a bar nonon. In ma an cire duka, ana iya sake gina shi, ko da jakar da muka yi bayani, ko da naman jikinta da ake ɗebowa daga ciki ko baya, kuma halal ne babu ko tantama. Jakar da ta zama abin hani ga waccan, ga wannan magani ce kamar hancin Arfaja. Korle Bu na da cibiya ta musamman ta irin wannan tiyata da jinyar ƙuna. Wadda ba ta son ƙarin yanka, akwai na roba mai laushi da ake sawa cikin rigar mama, ba wanda zai gane a ƙarƙashin mayafi. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta sa jinyar sankarar mama cikin abin da take ɗauka, ko da yake duk wanda ya yi jinya ya san aljihu ba ya tsira gaba ɗaya, kuma a nan ne taimakon jama'a ke da wurin shiga. A Kumasi ƙungiyar Breast Care International ta Dakta Beatrice Wiafe Addai ta daɗe tana zagaya garuruwa tana duba mata. 'Yan uwanmu na Ingila, sake ginawar kyauta ce a asibitin gwamnati. Na Amurka kuma, akwai doka tun 1998 da ta tilasta wa yawancin inshorar da ta biya kuɗin cirewa ta biya na sake ginawa. Da yawa ba su tambaya, saboda suna zaton kwalliya ce ta haram.

Maza ma a ciki

Yaro ɗan 13 ko 14 yakan ga ƙirjinsa ya ɗan kumbura kamar na budurwa, ya daina cire riga a filin ƙwallo. Wannan na balaga ne, yawanci yakan baje da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2, kuma ba ya bukatar komai sai a daina yi masa dariya. A babban mutum kuwa yana iya zama ƙiba, ko wani magani da yake sha, ko ciwon hanta, saboda haka likita ya duba. Namiji ma yana kamuwa da sankarar mama, kusan ɗaya cikin kowane ɗari na masu ciwon namiji ne. In kumburin ya zauna ya ƙi tafiya, cire shi gyaran aibi ne. Samarinmu masu ɗaga ƙarfe kuma su sani, allurar ƙarin tsoka da suke yi a ɓoye domin faɗin ƙirji ita kanta tana fito wa namiji da nono, tana kuma ƙanƙantar da maraina ta rage haihuwa.

Daga ina matsin yake fitowa?

Muna ɗora wa waya laifi, kuma tana da nata. Amma macen da ta shekara goma sha biyar a gidanka, Alhaji, ba TikTok ne ya fara gaya mata ƙirjinta ya zama silifa ba. A ɗaki ta ji, cikin wasa, daga bakin wanda ta haifa wa 'ya'yan da suka sha nonon. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Yau akwai amaren da ke yaye jariri a wata uku don kada jiki ya zube, alhali likitoci sun nuna cewa ciki da kansa, da yawan haihuwa, da shekaru, da hawa da saukar ƙiba su ne ke kawo zubewar, ko an shayar ko ba a shayar ba. An cuci jariri a banza. Mijin da ya ce matarsa ta je a ƙara mata ko ya ƙaro wata, ya sani ba a yi wa miji biyayya a abin da Allah ya hana, kuma in wani abu ya same ta a kan gadon nan yana da kaso a ciki.

Iyayenmu mata, ku ma da naku. Ku ne ke tattaɓa amarya kuna cewa ba ta ciko ba, ku ne ke kawo mai kayan mata har ɗaki kafin biki. Ku tambayi abin da ke cikin kwalbar. In babu sunan kamfani, babu lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Gana ko ta ƙasar da kuke, kada ya shiga bakin 'yarku ko da wa ya kawo shi.

Wadda kuma likita ya tabbatar tana bukatar tiyata, a bincika sunan mai yankan a rajistar Medical and Dental Council in a Gana ne, ko General Medical Council in a Ingila ne, a tabbatar ƙwarewarsa a wannan fannin take. A tambaye shi wa zai duba ta in ɗinki ya buɗe da tsakar dare, da kuma wa zai biya in sai an sake aiki. A nemi likita mace in akwai, in babu, lalura ta halatta namiji, muharraminta ko 'yar uwarta na kusa. Wadda ta ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko ta ga fatar ta lotsa, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, kada ta jira bayan Sallah ko bayan bikin wance. Ta faɗa wa mace ɗaya da ta amince da ita, su kama hanyar asibiti tare da katin inshorarta.